Yadda ake binciken kufan gidan gona da kiwon mutanen da a ƙasar Maraɗi

Manomin ƙasar Maraɗi ya san kufai tun kafin mai bincike ya zo. Ya san gefen gonar da hatsi ke yin kore shar ya zarce na kewaye, inda hauya ke tono tsingaro da toka da guntun dutsen niƙa. Aikin mai binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa shi ne ya gano ko gida ne ko shara ce aka zubar, a wane zamani aka zauna, wace dabba aka ɗaure, kuma don me. Wannan jagora ta shafi gidan gona na tsakanin ƙarni na 11 da na 16 miladiyya, lokacin da biranen Hausa ke kafuwa suna bunƙasa. Irin wannan gida da kara da zana da itace da laka aka yi shi, gara da ruwan sama sun gama da su tuntuni. Abin da ya rage na kiwo yana cikin ƙasar da dabba ta kwana a kanta da cikin jujin bayan gida, kuma duka biyun sheburi ɗaya na gaggawa yana iya ɓata su.

Izini da lokaci

Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta sa kayan tarihi ƙarƙashin kariyar hukuma, ba a haƙa sai da izini. Ana neman takarda daga ma'aikatar al'adu, a kuma haɗa kai da sashen binciken kayan tarihi na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam (IRSH) ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Wanda ke ganin tsanani ne ya tuna Bura, a yammacin ƙasar: an gano wurin a 1975, Bube Gado ya yi haƙa a 1983, daga baya masu sayar da kayan tarihi suka rarake maƙabartun yankin, bayanin da ke cikinsu ya tafi ba dawowa. Bayan takarda sai mai gari da mai gona. A faɗa musu ƙarara cewa ba zinariya ake nema ba, a nuna musu faɗin ramin da za a yi, a yanke ranar mayar da ƙasa. In aka ci karo da kabari, a tsaya, a rufe, a koma ga dattawa da hukuma.

Lokacin aiki daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, bayan an kwashe amfani, dabbobi sun cinye kara, ƙasa ta fito fili. A watan Afrilu zafi na busar da bangon rami cikin awa ɗaya, launukan ƙasa su saje.

Fara cire kufan jiya

Nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin kufan da ke kewaye da Maraɗi ba su kai shekara 200 ba. Katsinawan da jihadi ya kora sun kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa suka kafa Tsibiri a 1836, kuma tsawon ƙarni na 19 yaƙi ya matse mutane a bakin gulbi. Da hanya ta lafa a farkon ƙarni na 20 sai aka bazu cikin jigawa, ana kafa ƙauye ana tashi in rijiya ta ƙafe ko gona ta gaji. Ko garin Maraɗi kansa sai bayan ambaliyar 1945 ya hau tudu. Duk waɗannan sun bar kufai, kuma a ido ba su da bambanci da na ƙarni na 14.

A fara da tambayar dattawa, kowa shi kaɗai, ba a taro ba. In ana iya jero sunayen waɗanda suka zauna wurin da rijiyar da suka sha, kufan na kusa ne. In amsar ita ce "haka muka tarar, ba mu san masu shi ba", ya cancanci a duba. Sannan kayan saman ƙasa su yi tankaɗe na biyu. Guntun lofe yana nuna bayan 1600, don taba daga Amurka ta zo. Haka masara da gyaɗa da rogo, ba a same su a nan kafin 1500 ba. Kuɗin wuri mai yawa na ciniki sai ƙarni na 18 ya cika ƙasar Hausa, ko da yake ƴan ƙalilan na ado sun riga haka zuwa. Fasasshen kwalba da kwanon ƙarfe mai fenti na zamanin Turawa ne. Dogon yaro ma baƙo ne na ƙarni na 20, inuwarsa ba ta shaidar tsufa; tsohuwar kuka ta fi shi magana. Samun ɗaya daga cikin waɗannan bai kashe wurin ba, mai yiwuwa an zauna sau biyu, amma ya ce saman ya gauraya.

Kaskon tukunya mai zanen da aka yi ta gangara murɗaɗɗen zare ko tufkakken ganye a jikin ɗanyen yumɓu a ajiye shi daban, musamman baki da wuya. Abin gwadawa mafi kusa shi ne Kufan Kanawa a ƙasar Damagaram, inda Anne Haour ta yi haƙa, aka sa zamansa tsakanin wajen 1300 da 1650. Gwadawa ce kawai, ba hukunci ba: masu ginin tukunya na gari biyu a zamani ɗaya suna iya bambanta.

Tafiyar ido

Mutum biyar ko shida su jeru, mita 5 tsakanin kowane biyu, su taka a layi, kowa na kafa tsinke mai ƙyalle inda ya ga kasko, ƙashi, dutsen niƙa ko kashin maƙera. Kada a tsinci komai a zagayen farko. Da safe ko da la'asar aka fi gani, lokacin da rana ke kwance tana fito da ɗan tudu da ɗan kwari. In an gama a tsaya nesa a dubi tsinkayen.

Tsingaro ƙanana da gefensu ya side, warwatse ko'ina daidai wa daida, yawanci taki ne. Tun da can ana kwasar shara da toka daga gida a kai gona, fasasshen kasko na biye. Gida kuwa yana ba da cunkoso: manyan katangu masu kaifin gefe, ƙasa mai duhu, dutsen niƙa da ɗansa, duwatsun murhu da wuta ta ci. A jigawa akwai wata matsala, iska na kwashe yashi ta bar kayan ƙarni uku a shimfiɗe wuri ɗaya. A fadamar Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba akasin haka ne, laka na binne gida da zurfin mita ko fiye, saman bai nuna komai ba; can sai a duba bangon ramin masu bulo da gaɓar da ruwa ya zaftare.

A kafa turaku biyu na ƙarfe da siminti a gefen gona, layinsu na kallon arewa, a ɗauki lambar wurinsu da na'urar GPS. Duk awon da za a yi daga su zai tashi.

Neman turke da sinadarin fosfat

Kashi da fitsarin dabba suna barin fosfat, shi kuma yana manne wa ƙasa ya daɗe ƙwarai. A Kenya an auna tsoffin wuraren kwanan shanu masu shekara dubbai aka tarar har yanzu ƙasarsu ta fi ta kewaye ƙarfi. Yashin Maraɗi yana da ƙarancin fosfat tun asali, wannan ya sa bambancin ke fitowa sarai.

A shata fili da igiya, a ɗauki samfur kowace mita 5. Fili mai mita 60 kowane gefe zai ba da wuri 169. A kowane wuri a huda da ƙarfen huda ƙasa, a ɗebi cokali biyu a zurfin santimita 30 zuwa 40, wani kuma a 60 zuwa 70. Ba a ɗauka daga sama, don takin zamani irin NPK da DAP da zaman shanun Fulani na bara duk suna cikin santimita 20 na farko. A ɗauki samfur goma a nesa, mita 200 ko 300 daga wurin, a ƙasa iri ɗaya. Gwada geza da jigawa ɓata lokaci ne.

Gwajin fili mai sauƙi ruwa biyu yake so. Na farko: garam 5 na amoniyam molibdet cikin mililita 100 na tataccen ruwa, a ƙara mililita 30 na asid haidurokulorik mai ƙarfin 5N. Na biyu: rabin garam na asid askobik cikin mililita 100 na ruwa, kuma kullum sabo ake haɗawa don yana lalacewa. A sa ƙasa kamar kan wuƙa, wajen miligaram 50, a tsakiyar takardar tacewa marar toka. A ɗiga na farko sau biyu, a jira daƙiƙa 30, a ɗiga na biyu sau biyu, a karanta bayan minti 2 daidai. Shuɗi na bazuwa daga ƙasar. A ba shi maki daga 0 zuwa 5 bisa duhunsa da nisan bazuwarsa. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa tun daga farko har ƙarshe, cikin inuwa, da safar hannu. In aka wuce lokacin duk takardun sai su yi shuɗi. In aka wanke kayan da garin sabulu sakamakon ya ɓaci, don wasunsa na ɗauke da fosfat. Wannan gwaji taswira yake bayarwa, ba adadi ba; samfur ashirin daga mafi ƙarfi da mafi rauni a aika ɗakin gwaji a tabbatar.

Shuɗi mai duhu ba lallai turke ba ne. Juji ma yana yi, makewayi yana yi, kabari yana yi. Juji yana zuwa da toka da kasko da ƙashi. Wurin dabba kuwa fosfat ne mai yawa da kaya kaɗan.

Haƙa

Kada a fara da tsakiyar gida. Ramin gwaji mai mita 1 da 1 a gefen juji zai nuna hawa nawa ƙasar take, sannan a buɗe fili mai faɗi, aƙalla mita 4 da 4, a kan wurin da ake zaton turke. Ƙaramin rami ba ya nuna siffar turke. A kwashe ƙasar noma da sheburi a tara ta gefe ɗaya. Daga nan sai cokalin magina da buroshi, ana bin launi da taurin ƙasa. Inda babu bambanci a sauka santimita 10 a kowane karo, a wurin dabba kuwa 5. A fesa ruwa kaɗan kafin hoto. Bangon yashi da ya wuce mita 1 da santimita 20 a yi masa matakala, yana rushewa ba gargaɗi.

A duba turken awaki na gidan yau a san abin da ake nema: gurbin itace a tsakiya mai kaurin hannu, da'irar daddagaggiyar ƙasa gwargwadon tsawon igiya, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta ɗan lotsa. A ƙasa zai fito a matsayin tabo mai duhu zagayayye, kewaye da ɓawon ƙasa mai tauri mai ɓarewa falle-falle. Sau da yawa za a ga gurabe uku ko huɗu kusa da juna, wato an sha sauya turken da gara ta ci, ba dabbobi huɗu ba ne. Kada a sa ran taki mai kauri. Manomi yana share turke ya kai gona kafin damina, don haka shimfiɗar na iya zama santimita biyu ko uku, fosfat ɗin kuma ya nutse ƙarƙashinta. Taki mai kauri da ba a kwashe ba shi ma labari ne: ko gona ba ta bukatarsa, ko an bar gidan ba shiri. Wurin kwanan garken shanu ya fi faɗi nesa, yana wajen gida, kusan babu kasko, wani lokaci da layin tokar shingen ƙaya da ya ƙone.

Shaidar da ta fi ƙarfi madubin ƙara girma ke nuna ta. A cikin hanjin tumaki da awaki da shanu ana samun wasu ƙwayoyin alli zagayayyu, girman mikron 5 zuwa 20 (mikron dubu ke yin milimita ɗaya), suna fita da kashi. A ƙarƙashin haske mai tacewa biyu kowace na nuna baƙin gicciye. A yanko dunƙulen ƙasa kamar santimita 10 da 6, ya haɗa shimfiɗar da abin da ke sama da ƙasanta, a naɗe da bandejin filasta, a zana kibiya mai nuna sama. Sai dai ƙwayoyin na narkewa a ƙasa mai tsami, kuma jigawar Maraɗi da yawa tana da tsami, tsakanin 5 da 6 a ma'aunin tsami na pH. A auna tsamin kowace shimfiɗa, don rashinsu a irin wannan ƙasa bai ce babu dabba ba.

Taki da ya ƙone yana barin toka fara marar nauyi, wani lokaci da dunƙule mai kumfa kamar narkakken gilashi, ana ɗaukarsa kashin maƙera. Nauyi ke raba su: na maƙera yana cika hannu. Ƙonannen kashin akuya da ya tsira da siffarsa a ɗauke shi ɗaya-ɗaya cikin ƙaramin gwangwani. Ƴaƴan gawo ko bagaruwa a cikinsa suna nuna cin rani, ƴaƴan ciyawa suna nuna kaka.

Rumbu yana barin da'irar duwatsu ko gurabun itace. Ɗaki yana barin guntun daɓe. A sa su duka a taswira ɗaya, domin nisan turke da ɗaki da rumbu shi ke nuna dabbar gida ce ko ta baƙo. Ramin gafiya da kurege da hanyar gara a zana su, a kwashe ƙasarsu daban, kada a ɗauki samfur a ciki.

Tankaɗe da wanki

Duk ƙasar juji ta bi rariya mai ido milimita 4, kashi ɗaya cikin huɗu kuma ta bi mai milimita 2. Wanda ya tsinta da ido kawai zai tara ƙashin shanu ya rasa na kaji da kifi da haƙoran ƴan awaki, sai ya rubuta cewa masu gidan makiyayan shanu ne. A ƙirga bokitin kowace shimfiɗa don a san lita nawa aka tankaɗe.

Daga kowace shimfiɗa a ware lita 10 zuwa 20 da ba a tankaɗe ba. A zuba kaɗan-kaɗan cikin tano mai ruwa, a motsa da hannu a hankali, abin da ya taso a tsiyaye shi kan ƙyalle mai ido milimita 0.25 zuwa 0.5, a maimaita har ruwan ya daina kawo gawayi. A ɗaure ƙyallen a rataye a inuwa. Rana na farfasa ƙonannen iri. Ƙwayar hatsi ƙarama ce, rariyar ƙashi ba ta riƙe ta. Irin da bai ƙone ba na jiya ne, tururuwa ce ta kai shi.

Ƙasusuwa

Toka na kashe tsamin ƙasa, shi ya sa ƙashi ke tsira a juji ya narke a fili. A bar shi ya bushe a inuwa, a goge da busasshen buroshi. Muƙamuƙi mai haƙora a ɗauke shi da ƙasarsa, a naɗe shi kaɗai. In haƙoran suka zube rabin amfaninsa ya tafi.

Ba a gane ƙashi da hoto kaɗai. A haɗa kwarangwal na gwadawa: a sayi akuya, tunkiya da kan bijimi da ƙafafunsa waɗanda aka san shekarunsu daga mahauta, a dafa, a wanke, a rubuta wa kowane ƙashi suna. Mahauci da dillalin kara sun san haƙori fiye da ɗalibi, a zauna da su. Akuya da tunkiya suna da wuyar rabuwa. Tushen ƙaho, ƙashin sangalin ƙasa, wanda a akuya ya fi gajarta da faɗi, da wasu haƙoran nono ne ke taimakawa. Abin da bai rabu ba a rubuta "akuya ko tunkiya". A kula da barewa da gada, ƙashinsu ya fi siranta amma gutsurensa na ruɗarwa. Kaza da zabo da fakara ma haka.

Ƙirga iri biyu ake yi: yawan guntayen da aka gane, da mafi ƙarancin dabbobin da za su ba da su. Misali, ƙashin idon sawu na hagu bakwai da na dama huɗu na nufin aƙalla dabba bakwai. Na farko yana kumbura shanu don ana sassara ƙashinsu a fasa don ɓargo. Na biyu yana kumbura dabbar da ba ta da yawa. A kawo duka biyun.

Shekaru daga haƙoran tauna na muƙamuƙin ƙasa ake samu. A akuya da tunkiya na farko na dindindin yana fitowa wajen wata 3 zuwa 6, na biyu wata 9 zuwa 12, na uku wata 18 zuwa 24. Bayan haka sai a bi sidewa. A shanu wata 5 zuwa 6, 15 zuwa 18, da 24 zuwa 30. Kan ƙashi ma yana haɗewa da jikinsa a lokaci sananne: a tunkiya ƙasan ƙashin dantse kafin shekara ɗaya, ƙasan ƙashin ƙwauri shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙasan ƙashin cinya bayan shekara uku. Waɗannan alƙaluma daga dabbobin Turai aka fi tattara su, namu na Sahel sukan yi jinkiri, ƙasa mai yashi kuma na side haƙori da wuri. Saboda haka a yi rukuni mai faɗi: ƙasa da shekara ɗaya, ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa huɗu, tsofaffi.

Maza da yawa da aka yanka tsakanin shekara ɗaya da rabi da uku, tare da tsofaffin mata, alamar kiwon nama ce da barin uwaye su hayayyafa. Jarirai sabbin haihuwa shaida ce mai kyau cewa a gidan ake haihuwa, don ba mai sayen su a kasuwa. A littattafan Turai ana karanta yawan yankan ƙananan maza a matsayin neman nono, amma saniyar ƙasarmu ba ta sakin nono sai da maraƙinta a gefe, don haka wannan awo bai dace da shanu a nan ba. Neman maiƙon nono a jikin kasko ma yana da iyaka, tunda a ƙwarya ake tatsa, ƙwarya kuwa ba ta kwana a ƙasa. Da muƙamuƙi ƙasa da talatin kada a zana jadawalin shekaru, a bayyana abin da aka gani kawai.

Babban abin lura shi ne juji yana nuna abin da aka ci, ba abin da aka kiwata ba. Saniyar da aka ba Bafulatani riƙo ba ta bar komai a gida. Jaki da doki ba a cin su, gawarsu bayan gari ake kaiwa, sai dai a same su ta guntun linzami ko faffaɗan turke. Ragon suna ko na layya mai yiwuwa saye ne. In duk sassan jiki sun bayyana, har kai da ƙafafu da tushen ƙaho, an fi zaton a gida aka yanka. Ƙuna a bakin haƙora da ƙasan ƙafa alamar babbaka ce. Kare na cinye kawunan ƙashi masu taushi, wato na ƙananan dabbobi, ya bar garken kamar duk tsofaffi ne. A ƙirga guntayen da ke da sawun haƙorinsa. Kumburi da faɗaɗar gaɓoɓin yatsun shanu na iya nuna takarkari ko jan ruwa, amma ba garmar shanu ba, wadda sai ƙarni na 20 ta shigo. Tsufa ma na kawo irinsa. Ƙashin baya mai kai a rabe biyu yana karkata ga shanu masu tozo, ba tabbaci ba ne.

Akwai jarabar da ya kamata ɗan Maraɗi ya guje wa: cewa ya gano kakar jar akuya. Ƙashi ba ya nuna launin gashi ko kyan fata. Abin da ake iya faɗa shi ne girma, in an auna cikakkun ƙasusuwa da ma'aunin milimita, a gwada da na jar akuya da na doguwar akuyar Sahel ta yau. Haka batun Balami da Uda, ko Azawak da jan shanun Bororo.

In akwai kuɗi, haƙorin tauna na uku ya cancanci gwajin isotof, mai nuna irin abincin da dabba ta ci. Hatsi da dawa da yawancin ciyawarmu suna barin alamar kabon daban da ta ganyen itace da harawar wake. Ana yankar farin haƙori daki-daki daga sama zuwa ƙasa, a ga yadda abinci ya sauya cikin shekara. Ragon da aka ɗaure ana ba shi kara da dusa zai bambanta da akuyar da ke bin sabara da kalgo.

Sa zamani

Ƙonanniyar ƙwayar hatsi ko dawa ko wake ita ce samfur mafi kyau na gwajin kabon 14, mai gano tsufan abin da ya taɓa rayuwa, don shekara ɗaya ta rayu, kuma miligaram kaɗan sun isa. Gawayin babban itace na iya girmar gidan da ƙarni guda. Ƙashi a ƙasa mai zafi yakan rasa sinadarin da ake aunawa. A ɗauka da ɗan hantsaki, a naɗe a takardar alminiyam, ba auduga, ba gam, ba mai shan taba a kusa. A aika aƙalla uku: ƙasan juji, samansa, da cikin shimfiɗar turke kanta. Na ukun shi ne ke tabbatar da cewa dabbar da gidan zamaninsu ɗaya, ba garken da ya kwana a kufan bayan shekara 300 ba, abin da ke faruwa sosai tunda makiyayi na son ciyawar kufai. A sani cewa gwajin ba ya raba shekarun 1650 zuwa 1950 da kyau, kuma tsakanin wajen 1480 da 1630 ma yakan ba da tazara mai faɗi. A rubuta tazarar yadda ta zo, kada a zaɓi shekarar da ta dace da labarin sarauta.

Rufewa

A zana bango biyu na kowane rami a kan ma'aunin 1 bisa 10 ko 1 bisa 20, a ɗauki hoto da sanda mai awo da kibiyar arewa. A shimfiɗa buhu a ƙasan rami don mai zuwa gaba ya san inda aka tsaya, a mayar da ƙasar ciki a daddage, ta noma a ƙarshe, a gama kafin ruwan shuka. A bar aƙalla rabin wurin ba a taɓa ba. Kowace leda takarda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, da tawada marar gogewa. Ledar ƙashi a huda ta kada gumi ya kawo fumfuna. Kaya su shiga akwatin ƙarfe ko na roba a ɗora kan benci, don kwali a ƙasa abincin gara ne cikin damina ɗaya. Kwafin rahoto da taswira ya je wa hukumar da ta ba da izini, wani kuma da Hausa ya je wa mai gari da mai gona, da alamar inda ba a so a yi rami ko a ɗebi ƙasar bulo.